Lanƙwasa 318 a Kilomita 18: Abin da Ke Kayar da Mai Babur a Hanyar Tsauni

A kan iyakar jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa a Amurka, a wani lungun tsauni da ake kira Deals Gap, akwai wata bishiya a harabar masaukin masu babura. Abin da ke rataye a rassanta da kututturenta shi ne fasassun fitilu, karyayyun madubai, ɓallin robar jikin babur, matakan ƙafa da suka lanƙwashe, da hulunan kwano waɗanda kwalta ta kankare musu gefe guda. A jikin wasu an rubuta sunan mai su da ranar da ya faɗi. Ana ce mata Bishiyar Kunya. Duk tarkacen nan daga hanya ɗaya aka tsinto su, wato wani yanki na babbar hanya mai lamba 129 da Amurkawa ke kira Tail of the Dragon, suna kamanta lanƙwashe-lanƙwashenta da wutsiyar dodon tatsuniya. Tsawonta mil 11 ne, kusan kilomita 18, kuma a cikin wannan ɗan taƙi akwai kwana 318.

In aka raba, kowace mita 55 sai an sha kwana. A gudun da doka ta yarda da shi a ɓangaren Tenesi, wato mil 30 a awa, kusan kilomita 48, duk daƙiƙa huɗu sai mai tuƙi ya kwantar da babur ta wannan gefe ko wancan. Abin da ya sa na zaɓi wannan hanya kuwa, ta kawar da yawancin uzurin da muka saba bayarwa. Kwaltarta lafiyayya ce. Kusan babu mahaɗa a tsawonta, babu ƙofar gida, babu kasuwa, domin daji ne na gwamnati a gefenta biyu. An hana dogayen motoci da suka wuce ƙafa 30 bin ta. Baburan da ke zuwa masu tsada ne, tayoyinsu sababbi, masu su da hular kwano da rigar fata. Duk da haka babu shekarar da ba a kwasar mutane, wasu da karaya, wasu gawa. Idan aka cire rami da akuya da direban da ya shigo hannun da ba nasa ba, abin da ya rage shi ne mutum da babur da kwana, kuma a nan ake ganin ainihin matsalar tsirara.

Amsar da kowa ke bayarwa ita ce gudu. Gaskiya ce, amma ba ta koyar da komai, domin mutum kan faɗi a kwana yana kilomita 50 a awa, gudun da a miƙaƙƙiyar hanya ko yaro ba zai kira shi gudu ba. Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda kwana ke cin gudu.

Babur ba ya shan kwana sai ya kwanta. Duk abin da ke tafiya yana son ya miƙe ne, kuma abin da ke tilasta shi ya karkata shi ne riƙon da taya ta yi wa kwalta. Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannun yaro ba, gaba ɗaya baya ɗaya, kuma rai da lafiyar mai tuƙi a kan waɗannan tabo biyu suke. Ƙarfin da kwana ke nema daga taya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: in ka ninka gudu sau biyu, abin da ake nema daga taya ya ninka sau huɗu. Ɗauki kwana mai matsakaicin tsanani, wadda da za a zana ta ta cika da'ira, daga tsakiya zuwa baki mita 30 ne. A kilomita 40 a awa, babur zai kwanta kusan digiri 23, kuma taya ba ta kai rabin ƙarfinta ba. A kilomita 50, digiri 33. A kilomita 60, digiri 43, kuma a nan taya mai kyau a kan busasshiyar kwalta ta kusa ba da duk abin da take da shi. Tsakanin 40 da 60 ɗan murɗa totur ne kawai, jiki ba ya ma jin bambancin kafin a iso kwanar. Amma a wajen taya, bambancin mai sauran guzuri ne da wanda ya cinye nasa tun a bakin gari.

Wannan guzuri kuma ɗaya ne tal. Riƙon da taya ke shan kwana da shi, da shi take tsayawa in an ja birki, da shi take turawa in an ƙara wuta. Babu asusu biyu. In kwana ta cinye kashi tara cikin goma, abin da ya rage wa birki bai kai rabin ƙarfinsa ba, kuma duk wanda ya nemi fiye da haka, taya za ta saki. Ruwan sama yana rage jarin gabaɗaya, yashi ko tsakuwa ko man gas da ya zuba daga tanka kuwa kusan kwashe shi suke yi. Shi ya sa wanda ya shiga kwana da digiri 23 zai iya taka ɗan yashi ya ji babur ya girgiza ya wuce, wanda ya shiga da 43 kuma yashin nan ɗaya ya kai shi ƙasa kafin ya san me ya faru.

Akwai wani shinge kuma kafin na taya, wato jikin babur ɗin kansa. Masu tseren MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, suna kwanciya fiye da digiri 60, har gwiwa da gwiwar hannu na shafar ƙasa, amma da tayoyi na musamman da aka ɗumama, a filin da aka share, a kan babur da aka ƙera domin haka. Manyan baburan yawo masu ƙasa-ƙasa irin na Harley-Davidson, waɗanda ke da yawa a Deals Gap, da sun kai wajen digiri 30 matakin ƙafa ko salansa ya fara kartar kwalta. In ƙarfe ya daki ƙasa da ƙarfi, sai ya ɗauke nauyi daga kan taya, taya kuma da babu nauyi a kanta ba ta riƙe komai.

Sai dai abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne, da yawa daga waɗanda suka faɗi ba su kai ko ɗaya daga cikin waɗannan shingaye biyu ba. Babur ɗin yana da sauran ƙarfin da zai fita kwanar lafiya. Mai tuƙin ne ya karaya.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma duka-duka bai wuce daƙiƙa biyu ba. Mutum ya shigo kwanar hagu da ɗan gudu, yana jin daɗi, ya sha goma irinta a baya. Ya kwanta. Da ya kai tsakiya sai ya ga ashe ba ta ƙare ba, ƙara matsewa take yi a bayan dutse. Gabansa ya faɗi. Hannunsa ya saki totur gaba ɗaya, yatsunsa suka cafki birkin gaba, kafaɗunsa suka sandare. Babur da aka ja wa birkin gaba yana kwance, miƙewa yake son yi, kuma da ya miƙe sai ya bar bin kwana ya nufi waje. A lokacin nan idon mutumin ya bar hanya ya kafe a kan abin da yake tsoro: bishiya, ko ƙarfen shinge, ko bakin kwazazzabo. Babur kuwa inda ido ya kalla can yake zuwa, domin kai yana bin ido, kafaɗa tana bin kai, hannu yana bin kafaɗa. Sai ya tafi ɗoɗar ya daki abin da yake kallo, kamar da gangan. Wanda ya zo daga baya ya duba kwalta ba zai ga alamar zamewar taya ba, sai layi miƙaƙƙe daga tsakiyar kwana zuwa daji.

Abin da zai cece shi a wannan daƙiƙa ya saɓa wa duk abin da jiki ke umarta. Ya ɗauke ido daga bishiyar ya kai shi can ƙarshen kwana inda yake son fita, ya tura hannun babur na hagu gaba don ya ƙara kwanciya, ya riƙe wuta daidai. Wannan turawa ita ce sirrin da mafi yawan masu tuƙi ke yi kullum ba tare da sun san suna yi ba. Da zarar babur ya wuce gudun sassarfa, ba a juya kansa zuwa inda ake son zuwa. In hagu za ka, hannun hagu kake turawa gaba kaɗan, tayar gaba ta ɗan kauce dama, babur ya faɗa hagu ya ɗauki kwana. Jiki ya iya wannan tun daga keke. Amma abin da jiki ya iya a ɓoye, ranar firgici ba a iya kiransa da gangan, sai wanda aka nuna wa ya kuma maimaita har ya zama hali.

Ba sabon gano ba ne. A 1981 wani malami a Jami'ar Kudancin Kaliforniya, Harry Hurt, ya fitar da rahoton binciken haɗurran babur 900 da tawagarsa ta je wurin da suka auku a yankin Los Angeles ta auna komai. Kusan rubu'insu babur ne shi kaɗai, babu wata mota. A cikin waɗannan, kusan kashi biyu cikin uku kuskuren mai tuƙi ne ya jawo, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne zamewa saboda matse birki fiye da kima, ko buɗewa a kwana saboda gudu ko rashin kwanciya yadda ya kamata. Rahoton ya gano cewa a lokacin haɗari mutane kan danne birkin baya har taya ta ja ƙasa, su ƙi amfani da na gaba yadda ya dace, alhali na gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Ya kuma gano kashi 92 cikin ɗari na waɗanda suka yi haɗarin da kansu suka koyi tuƙi, ko wajen ɗan'uwa ko aboki. Duk wanda ya san yadda ake koyon babur a garuruwanmu, yini biyu a filin ƙwallo da babur ɗin yaya, ya san wannan adadi ba na Amurka kaɗai ba ne.

Faɗuwar kanta iri biyu ce, kuma bambancinsu babba ne. In taya ta saki ta ci gaba da zamewa, babur kan kwanta ne ta gefen da ya riga ya karkata, mai shi ya faɗi daga kusa da ƙasa, su zame tare. Fata za ta tafi, amma in babu abin da ya tare shi, sau da yawa yakan tashi. Ɗayar ita ce mai cilli. Tayar baya ta zame saboda birki ko saboda wuta, babur ya juya a karkace, mai tuƙi ya firgita ya saki, taya ta sake cafke kwalta nan take. Duk ƙarfin nan sai ya miƙar da babur da fizga guda, ya wurga mutum sama ta ɗaya gefen, wani lokaci babur ɗin ya biyo shi. Irin wannan ce ta samu Marc Márquez, zakaran duniya a tseren MotoGP, a Jerez ta ƙasar Sifen a watan Yulin 2020, ta karya masa damtsen dama, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya, aka yi ta yi masa aiki har sau huɗu. Shi kuwa ya faɗi ne a fili mai shimfiɗar tsakuwa da aka tanada domin faɗuwa, da riga mai jakar iska, likitoci na tsaye. A hanyar tsauni abin da ke jiran mutum a wajen kwana dutse ne ko rami, ko ƙafafun shingen ƙarfe da aka yi domin tare mota, waɗanda ga jikin da ke zamewa a ƙasa sun fi kama da wuƙa. Shi ya sa a Sifen da wasu ƙasashen Turai ake ƙara wani faranti a ƙasan shingen don mutum ya zame a jikinsa maimakon ya daki sanda.

Kwanar tsauni ta fi ta fili mugunta ne saboda ba a ganin ƙarshenta. Masu koyar da tuƙi suna da dabara mai sauƙi: ka dubi wurin da gefen hanya na dama da na hagu suka haɗu a idonka. In wurin yana gudu gaba, kwana na buɗewa. In yana matsowa gare ka, tana matsewa, kuma ba ka da izinin ƙara wuta. Akwai kuma tarkon layin tsakiya. A ƙasar da ake tuƙi a hannun dama, kamar Amurka da Nijar da Najeriya (ita tun 1972), mai shan kwanar hagu kan matso kusa da layi don ya rage nisa. Tayoyinsa suna hannunsa, amma da ya kwanta, kansa da kafaɗarsa sun tsallaka hannun mai tahowa. A wasu hanyoyin tsaunukan Ostiriya an zana alamu a kwalta kusa da layin tsakiya a irin waɗannan kwanoni, domin masu babur ba sa son taka fenti, sai su matsa waje da kansu.

Akwai kuma abin da ba na injiniya ba, wato idon mutane. A Deals Gap masu ɗaukar hoto kan zauna a bakin manyan kwanoni suna ɗaukar duk mai wucewa, su sayar masa da hotonsa a intanet. Mutum ya yi tafiyar yini biyu ya zo, yana son hoton da za a ga ya kwanta. Ga kuma tafiyar ayari, inda na baya ke bin fitilar na gaba, ya shiga kwana da gudun wanda ya fi shi ƙwarewa da shekara goma, don kada a ce an bar shi. Ni a ganina wannan ya fi kowace tsakuwa kayar da mutane, kuma ba na ganin jarumta a cikinsa, domin mai tahowa ta ɗaya hannun bai yarda ya shiga wasan ba. A Ingila, hanyar Cat and Fiddle tsakanin Macclesfield da Buxton ta daɗe tana kan gaba a jerin hanyoyin ƙasar mafiya haɗari, galibi saboda masu babur na ƙarshen mako, har aka kafa mata kyamarorin auna matsakaicin gudu.

Masu kuɗi sun nemi mafita a na'ura. Tarayyar Turai ta wajabta birkin da ba ya kulle taya a kan sababbin baburan da suka wuce cc 125, kuma tun 2013 kamfanin Bosch ya fito da wanda ke auna kwanciyar babur ya raba birki daidai da ita, aka fara sa shi a babur ƙirar KTM 1190 Adventure. Yana taimako sosai ga wanda ya cafki birki a firgice. Ba ya ƙara wa taya riƙon da ba ta da shi.

Mu a nan ba nishaɗi ke kai mutane hanyar tsauni ba, neman abinci ne. Amma dokar taya da kwalta ba ta san wannan bambanci ba. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, kan hanyar Nguroje da Gembu, ko ya gangaro Hawan Kibo tsakanin Jos da Akwanga, ya san kwanonin nan da dutse a gefe guda, rami a ɗaya, ga hazo da damina mai jiƙa kwalta, ga ƙasar da ruwa ke wankowa ya zube ta daidai cikin lanƙwasa. Babur ɗin da ke wannan aiki yawanci Bajaj Boxer ne ko ɗan'uwansa, mai birkin ganga gaba da baya, ɗauke da mutum biyu ko uku, ko buhun masara biyu da jarka a ɗaure. Kaya yana danne babur ya matso ƙasa, don haka matakin ƙafa kan taɓa kwalta da wuri, kuma yana tsawaita nisan tsayawa. Tayar kuwa, je ka tsaya wajen mai faci ka duba: tsakiyarta ta cinye ta yi sumul ta baje saboda tafiyar miƙe, gefenta ya yi kaifi kamar baki. Irin wannan taya ba ta kwanciya a hankali, turjewa take yi sannan ta faɗa gaba ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kashe inji a gangara. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane ɗigo lissafi ne, kuma ba na zargin wanda ke kirga abin da zai kai gida. Za ka ji ɗan acaɓa ya ce wa fasinja, “Alhaji, riƙe da kyau, firi za mu sauka,” ya murɗe makulli, ya mai da giya babu, babur ya yi shiru sai ƙarar iska da sarƙa. A wannan lokaci ya yar da birkinsa na uku, wato injin da ke riƙe babur in yana giya ta biyu. Duk nauyin mutum uku da gangarar kilomita da dama ya koma kan ganguna biyu, su kuma da sun yi zafi sai riƙonsu ya ragu, ƙafa na takawa, babur na ci gaba. A gangara nauyi kan koma gaba, tayar baya ta yi sakayau, kuma ita ce aka saba takawa, domin an koya wa kusan kowa cewa birkin gaba kayarwa yake yi. Sai a iso kwana da gudun da ba a yi niyya ba, a danne na baya, taya ta ja, kuma babu wutar da za a daidaita babur da ita tunda inji a kashe yake. Man da aka tsira da shi a wannan gangara bai kai kofin shayi ba.

In abin ya faru sai a ce tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara, kuma kalma ce da ke sanyaya zuciyar iyalin mamaci. Amma in ta hana a tambayi da wace giya aka sauko, da wace taya, da kaya nawa, to gobe wani zai shiga kwanar nan da lissafin da ya kashe na jiya. Hular kwano ma, wadda aka wajabta a Najeriya daga 1 ga Janairun 2009 har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, yanzu sai ka bi hanyar tsauni daga sama har ƙasa ba ka ga ko ɗaya ba. A Deals Gap, inda ake da motar asibiti da jirgi mai saukar ungulu, wanda ya ji rauni kan jira, domin asibiti mafi kusa yana Maryville, tafiya mai nisa a kan waɗannan kwanoni. A kan Mambila, wanda ya faɗa kwazazzabo da rauni a ka, mutanen da suka tsaya ne za su sauka su ciccibo shi, su ɗora shi a bayan wani babur ko akori-kura, a sake bin sauran kwanonin da shi.